Maiturare Ya Fita Aron Waƙoƙinsa

Duk wanda ya yi aure, ko suna, ko ya buɗe shago tsakanin Gwarzo da Kabo a shekarun nan arba'in da suka shige, da wuya in ba Ubaidullahi Maiturare ne ya rera masa ba. Wanda kuma bai rera wa ba, to ya sa shi kuka a fim. Kun tuna kiɗan nan mai sanyi da akan saka in uwa ta cika a finafinan Kano na da, wanda mata kan yar da tsintsiya su zauna gaban talabijin suna sharce hawaye da bakin zani? Akwai hannun Maiturare a ciki ba kaɗan ba. Ya yi waƙar gayya, ya yi ta amare, ya yi ta walimar sauka, ya yi tallan sabulu. Har waƙar rigakafin shanu ya yi, wadda makiyaya suka rantse cewa shanun sun fi tsayawa a yi musu allura in an kunna ta.

Amma fa ka shiga gidansa na Getso ka ce ya sa maka waƙarsa guda ɗaya ka ji. Babu. Ko ta rantsuwa. Rediyon gidan labarai kawai take kamawa, su ma sai an mare ta.

In ka tambaye shi dalili, sai ya gyara hular nan tasa da kullum take a karkace kamar tana sauraron gulma, ya ce, "Ni tela ne, ɗan'uwa. Ka taɓa ganin tela ya ɗinka wa mutum riga, sannan ya yanke hannu ɗaya ya ajiye a gidansa don tarihi? Waƙar da aka yi wa mutum tasa ce." Haka ya yi ta yi tun farko. In ya gama, sai ya zare kaset ɗin ya miƙa wa mai ita, ya karkaɗe hannu. Abin da ya fi ban mamaki, da ta bar hannunsa sai ta bar kansa. Ya ce kan nasa ɗaki ɗaya ne, in sabuwar baƙuwa za ta shigo dole tsohuwa ta ɗauki tabarmarta.

Asalinsa ɗan manomi ne, dogo, siriri, wanda mahaifinsa ya ce tsawon nasa ya ɓata ne a banza tunda ba ya son sunkuyo. Yana saurayi ya rataya akwatin katako mai murfin gilashi a wuya, ya shiga bin kasuwanni da turare. Turaren kuwa, Allah na tuba, ba wani na a zo a gani ba ne. Shi da bakinsa yakan ce in ka shafa shi za ka masallaci, kafin ka kai ƙofa ya riga ka komawa gida. To abin da ƙamshi ya kasa, sai baki ya ɗauka. Yana tafe yana ƙwanƙwasa gefen akwatin da zoben azurfa, yana jefa wa kowa baiti daidai da shi: mahauci nasa daban, mai gishiri nasa daban. Mutane su taru don waƙa, kunya ta sa su tafi da kwalba.

A kasuwar Getso ya ga Altine. 'Yar gidan Fulanin Kara ce, irin waɗanda kakanninsu suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya amma ba su rabu da 'yan shanu a bayan gida ba. Tana kawo nono a farar ƙwarya, ba ta dariya da kowa, kuma ta taɓa gaya masa ƙiri-ƙiri cewa turarensa yana sa mata ƙuda a nono, ya matsa can. Ya matsa ɗin, amma bai yi nisa ba. Da abin ya ci shi, sai ya ari rediyo mai kaset wurin wani malamin makaranta, ya shige ɗaki da akwatinsa, ya ɗauki waƙa ta farko a rayuwarsa da ta taɓa shiga na'ura. Ya naɗe kaset ɗin a ƙyalle ya ajiye mata a gefen ƙwarya, ya tafi ba waiwaye. Abin da ya faɗa a ciki, Allah ya sani, Altine ta sani. Ita dai ba ta ƙara korarsa ba, kuma da kaka aka ɗaura.

Daga nan abin ya buɗe. Amare suka fara aiko masa, sannan masu shaguna, sannan gidan rediyo. Da harkar fim ta kankama a Kano, wani furodusa ya ji shi a wurin biki ya ɗauke shi a mota. A can ya haɗu da Salisu, ɗan Kabo, gajere mai tumbi, wanda yatsunsa suka san fiyano kamar yadda bakinsa ya san tsire. Maiturare bai taɓa iya kaɗa komai ba sai akwatin turare, kuma da shi yake shiga sitidiyo. Darakta ya ba shi labari: ga yarinya, ga saurayi ya tafi birni, ga uwa a kwance. Sai ya rufe ido, ya ƙwanƙwasa akwati, ya yi gunguni ta hanci kamar tattabara, Salisu ya bi shi da fiyano. Kafin la'asar an sami abin da zai sa gari kuka.

Duk da haka birni bai taɓa riƙe shi ba. Ko ana tsakiyar aiki, in ruwan shuka ya sauka, darakta sai dai ya nemi Maiturare ya rasa. Yana Getso, wando a naɗe. Kuma in kana son ka ga ya baje, kada ka tambaye shi fim, tambaye shi shekarar jan-baki. Shekarar nan tsuntsayen nan masu jan baki suka sauko wa gero kamar hadari, mutane suna ta kaɗa gwangwani har murya ta dushe. Shi kuwa ya koma gida ya tattaro duk wani kaset da ke cikinsa, ya zare zarensu, ya ja shi a kan karare daga wannan kusurwa ta gona zuwa waccan. Iska ta kaɗa, zare ya yi ta walƙiya yana kuka, tsuntsu ya zo ya ga abin da bai gane ba ya wuce gonar maƙwabci. Shekarar nan rumbunsa har ya yi tozo. Babu baƙon da ya taɓa shan fura a zaurensa bai ji labarin nan ba, wasu sau biyu kafin furar ta ƙare. Yakan rufe da cewa, "Ilimi daban, dabara daban." Altine kuwa in ta zo ɗaukar kwano ta tarar ana wannan labari, sai ta ɗauka ta juya.

To, shekaru suka ja. Kunnen dama ne ya fara yin murabus, ba sallama. Maiturare ya ɗauka mutane ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa, har yana faɗan yaran zamani ba sa buɗe baki. Sai da ya ga jaki ya wage baki a gefensa na dama bai ji komai ba, sannan ya yarda aka kai shi asibiti a Kano. Likita ya leƙa nan, ya leƙa can, ya ce na dama ya tafi, na hagu ma yana haɗa kayansa. Ba yau ba, ba gobe ba, amma yana hanya.

A mota ya yi ta ba'a, yana cewa ya huta da jin cacar bakin 'yan siyasa. Amma da ya sauka a Gwarzo bai wuce gida ba. Ya shiga ɗan shagon da Salisu ya buɗe bayan ya bar Kano, inda yake haɗa hotunan biki yana tura wa matasa waƙoƙi a waya. Ya zauna a benci ya daɗe yana juya zobensa.

"Salisu."

"Na'am, Oga."

"Maganar nan da ka dame ni da ita shekara da shekaru, ta a tara waƙoƙin nan wuri ɗaya. Tana nan?"

Salisu ya ajiye tsiren da ke hannunsa, abin da ba kasafai yake yi ba. "Oga, ai ni na gaji da roƙo. Na ce a yi kundi, tun daga ta farko har ta ƙarshe, a zuba a memori kowa ya samu. Ka ce kai tela ne."

"Telan ne dai. Amma ko tela, in ido zai rufe, yana so ya ga rigunan nan an sa su sau ɗaya an wuce ta gabansa." Ya taɓa kunnen hagu. "Kafin wannan ya bi ɗan'uwansa nake so in ji su. Musamman ta farkon. Wallahi ko baiti ɗaya ban riƙe ba. Ina so in ji me na gaya wa matar nan har ta yarda da mai turaren ƙuda."

"Ai wannan mai sauƙi ce, tana cikin gidanka."

"Ita ce mai wuyar," in ji Maiturare. "Bar ta ƙarshe."

Haka aka wayi gari mawaƙi ya hau bayan babur ɗin Salisu ya fita aron waƙoƙinsa gida-gida. Dogo a baya, gajere a gaba, in sun taho daga nesa sai ka ce tulu ne aka jingina wa gora.

A Durun suka fara, wurin Baƙo mai injin niƙa, wanda aka yi wa waƙar talla tun injin yana sabo. Bayan an gaisa, an tambayi iyali, an tambayi aiki, an tambayi gajiya, an koma an sake tambayar iyali, Maiturare ya faɗi abin da ya kawo su. Baƙo ya dube shi ta cikin garin da ya rufe masa gira.

"Aro? Wa zan ara wa?"

"Ni da na yi ta mana."

"Kai da ka yi ta ma ba ka iya riƙe ta ba, ni zan ba ka amana? Malam, kaset ɗin nan ya ga injin uku. Matata ta fari ta haihu yana ɗaki. Ba ya kwana a waje."

Aka yi ta jan magana. A ƙarshe Baƙo ya yarda, bisa sharaɗin shi zai kai shi Gwarzo da kansa, a aljihunsa, ya zauna a kwafe shi a gabansa, ya komo da abinsa. Haka aka yi. Ya zauna a shagon Salisu fari fat kamar an tono shi, yana bin kaset da ido kamar mai jiran matarsa a ɗakin awo. Da waƙar ta tashi, Maiturare ya karkato kunnen hagu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe na iya ƙarya haka? Na ce injinka ba ya cin gari." Baƙo ya ce, "A lokacin ba ya ci."

Ta Kabo ta fi wuya. Hajiya Zaituna, mai sayar da atamfa, tana da waƙar aurenta, wadda Salisu ya rantse duk cikin waƙoƙin amaren Maiturare babu kamarta. Matsalar ɗaya ce: angon da aka yi wa kirari a ciki ba shi ne mijinta na yanzu ba. Wancan auren ya mutu tuntuni, kuma ba mutuwar Allah da Annabi ba.

"Baba Maiturare," ta ce, bayan ta cika musu gaba da lemo da cincin, "waƙa kam tana nan, ni kaina nakan saka in ba kowa, don inda ka yabi wuyana. Amma sunan mutumin nan ba zai shiga wayoyin jama'a ta hanyata ba. Alhaji ya ji a kasuwa? Ka rufa mini asiri."

Salisu ya ce wannan ba komai, duk inda sunan ya fito zai rufe shi da busar sarewa. Hajiya ta yarda. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, a lokacin angon ya yi wa Maiturare alheri sosai, shi kuwa ya saka masa da ambato a kusan kowane baiti. Da Salisu ya gama aikinsa, waƙar ta koma sarewa zalla, sai can-can a ji wuyan Hajiya ya leƙo ya koma. Ita kuwa da ta ji, cewa ta yi ta fi ta asali daɗi nesa ba kusa ba.

Na fim kuma a wurin Alhaji Mahbub suka same su, furodusan nan da ya fara ɗaukarsa a mota. Ya bar harkar fim ya koma kiwon kaji a bayan Gwarzo, ya ce kaji ba sa zuwa aiki a makare kuma ba sa neman a sa hotonsu a gaba. Faya-fayan suna cikin buhu a ɗakin dusa. Suka zazzage su a tabarma, Salisu yana gogewa da gefen riga yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Can sai wani kiɗa ya taso, sanyi-sanyi, fiyano yana tafiya kamar mai bin gawa, ƙarƙashinsa ana jin ƙwas-ƙwas ɗin zobe a jikin katako. Maiturare ya matso da kunnensa har yana taɓa lasifika. Kafin a kai tsakiya gemunsa ya jiƙe.

"Kai, wane marar tausayi ne ya yi wannan?"

"Kai ne, Oga. Inda uwar ta cika yaron yana tasha."

"Allah ya yafe mini," ya ce yana jan hanci. "Haka na yi ta yi wa bayin Allah suna zaman zamansu?"

Alhaji Mahbub ma ya juya baya wai yana duba kaji.

Kafin damina ta tsaya, kundi ya yi kauri. Labari ya bazu, mutane suka fara kawowa da kansu: wani a leda, wani a cikin kwano, wata tsohuwa daga Kara ta aiko da nata a cikin safa. Wasu sun ci ruwa, wasu gara ta taɓa, wasu an ɗora wa'azi a kan rabinsu. Maiturare ya ji su duka, yana dariya, yana jin kunya, wani lokaci yana musun cewa shi ne. Amma kunnen hagun yana ta ja da baya. Salisu ya lura kullum sai ya ƙara murɗa lasifika, har mai shagon kusa ya fara ƙorafi.

Ranar nan Salisu ya ce, "Oga, saura ta farko. Na bar mata gurbi a sama. In za ka tambaya, ka tambaya yanzu."

Mutumin da ya tsaya gaban hakimai ya yi waƙa ba gargada, sai ga shi yana kewaya tsakar gidansa kamar baƙo. Da hantsi ne, Altine tana tankaɗe a gindin bishiyar darbejiya. Salisu yana zaure, an kai masa fura. Maiturare ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna ta inda kunnen hagu zai fuskance ta. Ya yi gyaran murya. Ya yabi kajin gidan. Ya tambayi lafiyar akuya.

"Malam," ta ce ba ta ɗago ba, "akuya lafiyarta ƙalau, da safe ka gan ta. Faɗi abin da ke bakinka."

"Kaset ɗin nan nake cewa. Na ƙyalle. In da hali a ara mini."

Rariya ta tsaya a hannunta. "Ka zagaye duniya, sai yau ka tuna da ƙofar gida?"

"Babba ake bari ƙarshe."

"Bakin nan dai bai tsufa ba." Ta karkaɗe hannu ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar kwanonin jerenta sama-sama, ko kuma ya ga kamar ya ji. Ta fito da ƙyallen, ya koɗe har ba a gane launinsa, ta ajiye masa a cinya ta koma kan rariyarta.

Ya kwance ƙyallen. Kaset ne, shi ne kuwa, har da ɗan tabon turare a gefe. Ya ɗaga shi sama ya duba ta 'yar tagar tsakiya. Wayam. Ƙwarya ce ba zare.

"Altine! Ina cikinsa?"

"Mun cinye."

"Kun me?"

Ta ɗaga murya don ta san halin kunnen. "Na ce mun cinye! Ni da kai da yara. Tuwo muka yi da shi, muka yi fura, har muka ba maƙwabta." Ta ci gaba da tankaɗe. "Shekarar jan-baki. Na tafi Kara suna, na dawo na tarar an bi gida an kwashe kaset kaf, har wanda ke ƙasan kwallata. Na bi ka gona. Na tarar da waƙata a shanye a kan karare tana kora tsuntsu, kai kuma kana tsaye a tsakiya, hannu a ƙugu, kamar wanda ya ci yaƙi."

Maiturare ya buɗe baki, ya rufe. Wannan shi ne karo na farko da aka ga haka a Getso.

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ka kwance, tsuntsu ya cinye geron? Ina da yara a gaba. Na tsinci ƙwaryar kaset ɗin a bakin gona na dawo da abata. Bayan nan kuma kullum kana zaure kana ba baƙi labari, ilimi daban dabara daban. Ta ina zan shigo?"

Ya dubi kaset ɗin, ya dubi matarsa. Ya mayar da kaset ɗin cikin ƙyalle. Ya ce a hankali, "Shi ke nan. Tela ya yanka rigarsa ta farko ya yi tsumma. Dama ita kaɗai nake son ji kafin a rufe ƙofa."

Altine ta ture farantin garin gefe. Sannan ta ce, "Wa ya ce maka ta tafi? Zare ne ya tafi."

"Kin riƙe?"

"Kai ne mai ɗaki ɗaya. Ni baƙuwata ɗaya ce, ba wanda ya zo ya tashe ta."

Salisu, wanda ashe furar ba ta hana kunnensa aiki ba, sai ga shi a bakin ƙofa yana sallama da na'urar ɗaukar murya a hannu, fuska kamar an yi masa albishir da Makka. "Inna, alhamdu lillahi! Minti kaɗan ne, ki rera a nan, in ɗora fiyano a kai, ta zama ta ɗaya a kundi..."

"Salisu."

"Na'am, Inna."

"Ka ga taɓaryar can?"

"Na gani, Inna."

"Da jikokina, da surukaina, muryata ta shiga wayar 'yan acaɓa? Waƙar da aka yi wa mutum tasa ce. Ba haka maigidanka yake faɗa ba? To tawa ce, ban ara ba. Koma zaure, ka ja ƙofa, ka kashe wannan abin. In na ji ya yi ƙyas, da kai da shi za ku shiga turmi."

Salisu ya dubi ogansa neman agaji. Maiturare ya ɗaga kafaɗa. "Dokata ce ta kama ni. Tafi."

Da ƙofa ta rufu, Altine ta jawo kujerarta ta dawo gefensa na hagu. Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa jin ta yi waƙa ba, ko ta reno. Ta gyara ɗankwali, ta kalli katanga don kada su haɗa ido, ta sunkuyo dab da kunnensa. Muryar ta tsufa, tana ɗan karkarwa, amma ba ta kauce ko taki ɗaya ba:

"Mai farar ƙwarya, tsaya kaɗan ki ji,
Kowa ya sayi nono, ni ina jiran murmushi.
Kin ce in matsa, na matsa, ban yi fushi ba,
Tun da kika zauna nan kasuwa take ƙamshi."

Yatsansa ya fara motsi da kansa, zobe yana bugun ƙafar kujera, ƙwas, ƙwas. Ta yi baiti na biyu, ta yi na uku, har inda saurayin ya yi alkawarin zai daina sayar da turaren ƙuda in ta yarda. A nan Maiturare ya ce, "Wannan kam na cika." Ta ce, "Shi kaɗai ba." Ta ƙarasa. Kaza kuwa tana ta cin garin da aka manta a faranti ba mai korarta.

"Ashe yaron ya iya," ya ce daga baya, yana goge ido da hula.

"Da bai iya ba da ina Kara."

"A ƙara mini."

"Gobe. Ba rediyo ba ce ni."

Kundi ya fito bayan kaka. Salisu ya zuba shi a memori, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, daga Gwarzo har Kano. Ga Baƙo da injinsa, ga sarewar Hajiya Zaituna, ga kiɗan da ya sake sa mata yar da tsintsiya. Yana farawa ne daga waƙa ta biyu. Duk wanda ya tambayi ta farko, Maiturare yakan ce, "Tana wurin mai ita." Labarin jan-baki kuwa ya daina bayarwa. In baƙo ya taɓo shi, sai ya ce a sha fura kada ta tsinke.

Sai dai akwai abin da Altine ba ta lissafa ba. Goben nan da ta ce ta zama kullum, da hantsi, in ta gama aikin safe. Kunnen hagu kuwa bai fasa tafiyarsa ba. Da farko raɗa take yi. Bayan 'yan watanni ta koma magana sosai. Yanzu sai ta cika ƙirji take rerawa, kamar mai kiran shanu daga fadama, shi kuma yana karkace da hula yana cewa, "Ɗan ƙara kaɗan, Mai ƙwarya." Katangar gidan ta ƙasa ce, ba ta da tsawo. Yau in ka bi ta unguwar za ka ji matan maƙwabta suna daka da ita, 'yan mata suna ɗibar ruwa da ita, har mai kayan miya ya sa ta a tallansa. Salisu ya haddace ta tsaf daga zaure, amma ya ce ko da kuɗi ba zai taɓa fiyano da ita ba, yana tuna taɓarya.

An taɓa samun wata mai ƙarfin hali ta ce mata, "Inna, ai waƙarki ta gama gari." Altine ta dube ta sama da ƙasa ta ce ita ba ta san zancen ba, ita mutum ɗaya take yi wa, kuma shi ma da ƙyar yake ji. Ta ɗauki kujerarta ta zagaya ta hagunsa.